Babi na Bakwai: Ruwa Bi da Bi

Ƙasar Jazira ba ta da tudu. Tun daga Sinnar har kusa da Hartum, tsakanin Shuɗin Nil da Farin Nil, fili ne shimfiɗaɗɗe na baƙar laka wadda ke tsagewa da rani har hannu ya shige, in kuwa ta sha ruwa sai ta haɗe bakinta ta riƙe shi. Amma filin yana da gangara daga kudu zuwa arewa, 'yar kaɗan wadda ido ba ya kamawa, kuma a kanta aka kafa komai. Da Turawan Ingila suka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, suka buɗe faddan 300,000 na farko, ba inji ke tura ruwan zuwa gona ba, nauyinsa ne ke kai shi. Faddan ɗaya murabba'in mita 4,200 ne, wato ya ɗan ɗara eka. Ruwan da ke tafiya da ƙafarsa kuwa ba ya zuwa ko'ina a lokaci guda. Dole wani ya sha yau, wani ya jira gobe. Daga wannan tilas ɗin aka fitar da tsarin da ya mallaki rayuwar kowa a Jazira har shekara tamanin, kuma a cikin hannayen da suka ɗauki nauyinsa akwai na Hausawa masu yawan gaske.

A babin da ya gabata mun biyo mahajjatan ƙasa zango-zango, daga Borno zuwa Abashe, daga Jinaina zuwa Fashir da Ubayyid. Mun kuma ga yadda Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, ya tsira daga yaƙin Burmi na 1903 ya ci gaba da hijira gabas, har ya kafa garin da ke ɗauke da sunansa a gaɓar Shuɗin Nil, kudu da Sinnar, a 1906. Jirgin ƙasa ya isa Ubayyid a 1912, tafiyar ta ɗan yi sauƙi, masu zuwa suka ƙaru. Kowannensu yana bukatar abu ɗaya: inda zai yi aiki ya haɗa guzurin Sawakin da kuɗin ƙetara teku. Turawa su ma suna da tasu bukatar. Masaƙun Lankasha na neman auduga ido rufe. Wannan yunwar ce ta kawo kamfanin BCGA ƙasar Zazzau, ita ce ta sa aka ɗora buri a kan layin dogo na Kano, sai manoman Kano suka zaɓi gyaɗa. Abin da ya kufce musu a can suka zo suka same shi a Jazira, inda ruwa ke hannunsu, manomi bai isa ya zaɓi komai ba. Abin da ya rage shi ne hannayen aiki, ga kuwa mutanen yamma suna ta kwararowa, waɗanda 'yan ƙasa ke haɗa su duka, Bahaushe da Bafillace da Babarbare, su kira su Fallata ko Takari.

Bari mu bi ruwan da kansa. Daga madatsar, yau manyan hanyoyin ruwa biyu ne ke fita kafaɗa da kafaɗa har tsawon kilomita 57, inda ake raba na Manajil, yankin da aka ƙara daga baya, da na tsohuwar Jazira. Babbar hanya tana zuba wa rassa, rassa suna zuba wa ƙananan magudanai, abin da mutanen wurin ke kira tur'a, waɗanda yawansu ya kai kusan 1,500. Daga tur'a ruwa yana bi ta wani bututu mai ƙofa ya faɗa cikin Abu Ishirin, lambatun da ke ciyar da fili mai faddan 90 da ake kira nimra. Akwai irin wannan lambatun kimanin 29,000. Nimra kuma an yanka ta gona-gona, kowace gona sunanta hawasha, da fari faddan 10 ce. Abu Sitta shi ke ɗauko ruwa daga Abu Ishirin ya shigar da shi hawasha, daga nan sai jadawal, 'yan siraran kwarin da ke kai shi gindin shuka. Babu hawa ɗaya da za a tsallake. In Abu Ishirin ya toshe, cikar madatsar Sinnar ba ta amfani mai hawasha da komai ba.

A tsarin asali, ruwa na gangarowa ƙasa, labarin bukatarsa kuma yana hawa sama ta hanya mai hawa-hawa irin wannan. Gafir, mai tsaron ƙofofin tur'a, ya san wace nimra ce ke kan layi. Mufattish, jami'in da ke kula da yanki guda, shi ke lissafa abin da yankinsa zai sha a mako ya aika wa injiniyoyin ban ruwa, su kuma su tattara su aika Sinnar a buɗe ƙofofi daidai gwargwado. Ruwan da aka saki yau sai ya yi kwanaki a hanya kafin ya kai ƙarshen arewa, saboda haka kuskuren lissafin wannan mako ƙishirwar mako mai zuwa ce. An tsara kowace hawasha ta sha sau ɗaya a kwana 14: Abu Ishirin a buɗe mako guda, a rufe mako guda. A wancan tsarin, da rana kaɗai ake ban ruwa. Da dare a rufe bututai, tur'a ta tara ruwan da ke ci gaba da zuwa, da asuba a sake shi.

Wanda bai taɓa ganin aikin ba zai ɗauka ban ruwa buɗe hanya ne kawai a koma inuwa. Mai ban ruwa yana shiga hawasha tun sanyin safiya da toriya, fartanyar nan mai faɗin baki. An riga an yanka gonar fage-fage da ƙananan kunyoyi, kowane jeri ana ce masa angaya. Sai ya tare Abu Sitta da curin laka a daidai inda yake so ruwan ya juya, ya sare bakin jadawal, ya tsaya. Ƙasa busasshiya tana shanye ruwan fari ta cikin tsagunanta, yana ta shiga kamar ba za ta ƙoshi ba, sannan a hankali ya taso ya bi tsakanin kunya. Idanunsa na kan kunyar: ruwa ya kai wuyanta amma kada ya haye kanta, don audugar da ta kwana cikin ruwa a wannan laka rawaya take yi. Fage ya cika, ya ɗebo laka da toriya ya liƙe, ya taka da ƙafa, ya matsa na gaba. Lakar tana kama ƙafa har ƙwauri, kowane taku sai an fizgo. Haka zai yini, haka zai wayi gari, don in kwanakinsa suka ƙare bai gama ba, na bayansa ba zai jira shi ba. A cikin wannan ruwan ne kuma tsargiya da zazzaɓin cizon sauro suke, kuma su ne ladan da ba a rubuta wa kowa a takarda ba.

Ita ma audugar da jerinta. A zamanin kamfanin Turawa da ya tafiyar da Jazira, cikin Agusta ake shuka doguwar auduga. Bayan ta tsiro a bi a cike guraben da suka mutu, a yi noman fari, a rage tsiron kowane rami, a yi maimai, a gyara huɗa yadda ruwa zai bi. Hausawan Jazira da sunayen Larabcin wurin suke kiran waɗannan ayyuka, ruga'a da hash da shalh da tarrad, ko da kuwa sauran zancen duk Hausa ne. Kowanne yana da makonsa. Ragin tsiro in ya makara, auduga ta yi tsayi siririya ba reshe. Taki in ya riga noma, ciyawa aka ciyar. Daga Janairu tsinka ta kama, lagit ke nan, har zuwa Afrilu. A nan ne Jazira ke cika maƙil da baƙi. Mace da 'ya'yanta su shiga layi tun raɓa ba ta bushe ba, ƙwanson auduga busasshe yana yankar gefen farce, a tara a kai wurin awo. Da guffa ake biya, kwando mai nauyin ratal 35, guffa 9 ke yin kantar guda. Daga wurin awo a ɗura a buhu, ƙaramin jirgin ƙasan Jazira ya kwashe zuwa injinan gurza na Marinjan da Hasahisa, daga can sai tashar jiragen ruwa ta Fot Sudan.

Aikin ƙarshe shi ne wanda baƙo zai raina, kuma shi ne wanda aka koya da tsada. Da an gama tsinka dole a tumɓuke kowane karan auduga da saiwarsa, a share ganye da ƙwanson da suka zuba, a tara a ƙone kafin ƙarshen Mayu. Ba sara ba, tumɓukewa. Dalili kuwa abin da ya faru ne a farkon shekarun 1930, lokacin da cututtuka biyu suka haɗu a kan audugar Jazira: ɗaya mai baƙanta reshe, wadda ke kwana cikin tarkacen bara, ɗaya mai naɗe ganye, wadda wani farin ƙwaro ke ɗaukowa daga tohon tsohon kututture ya kai wa sabuwar shuka. Amfani ya faɗi warwas, a daidai lokacin da farashi ya karye a kasuwannin duniya. Maganin da masu bincike suka samo a jeri yake: a bar wasu watanni da babu ko ganyen auduga ɗaya a duk faɗin Jazira, a kuma tsawaita hutun ƙasa. Sai aka canza juyin shuka, rabon manomi ya tashi daga faddan 30 zuwa 40, auduga ba ta komawa fili ɗaya sai shekara ta huɗu. Mutum ɗaya ya bar kututture a gonarsa, ya jawo wa nimra sukutum. Shi ya sa ba a bar wa kowa zaɓi ba. Wannan aikin na tumɓuka, cikin zafin Afrilu da Mayu, yawanci ɗan ƙwadago ke yin sa.

Kada mai karatu ya ɗauka ina yabon zamanin Turawa ne. Tsarin ya yi aiki, amma da bulala ya yi shi. Mufattish Bature yana zagayawa, in ya ga hawasha ba a nome ba ya sa a nome a rubuta kuɗin a kan mai ita, in abin ya maimaitu a ƙwace a ba wani. Manomi bai da ta cewa a kan iri, ko ranar shuka, ko farashin da aka sayar. Kuɗin auduga an raba shi uku, bayan 'yan gyare-gyare ya tsaya a kashi 40 na gwamnati, 40 na manoma, 20 na kamfani, dawar da manomi ya shuka kuwa tasa ce shi kaɗai. Manoman da kansu sun yi yajin aiki a 1946 a kan kuɗinsu da aka ajiye a asusu ba da yardarsu ba. To, a cikin wannan rabon ina kason mai toriya da mai guffa? Babu. Daga aljihun mai hawasha ake biyansa, kuma abin da aka ga dama.

Akwai ɗan lokacin da ƙofa ta buɗe. A shekarun nan na cuta da karyewar farashi, 'yan ƙasa da dama sun watsar da hawashoshinsu, kamfani ya miƙa su ga mutanen yamma, su kuwa suka riƙe da hannu bibbiyu har auduga ta farfaɗo. Da ta farfaɗo sai magana ta canza. Dokar 1948 ta ce ɗan Sudan shi ne wanda shi ko kakanninsa na wajen uba ke zaune a ƙasar tun ranar 31 ga Disamba 1897. A duba wannan ranar da kyau: Mai Wurno da jama'arsa sun iso bayanta da 'yan shekaru, mafi yawan mahajjata kuwa bayansu suka zo. A 1950 wa'adin kamfani ya ƙare, Hukumar Jazira mai hedikwata a Barakat ta karɓi ragama, sabon rabon hawasha ya zama na mai takardar ɗan ƙasa. An sassauta dokar daga baya, amma lokacin an gama rabon. Ɗan da aka haifa a gefen tur'a, wanda bai san Kano ba sai a bakin kakarsa, ya tashi ya tarar shi baƙo ne a gonar da ubansa ya raya.

Abin da ya rage wa irinsa hanya biyu ce. Ko ƙwadago, ko sharaka, wato ya karɓi gyaɗa ko dawar mai hawasha ya yi duk wahalar a raba amfani biyu. In damina ta yi tsanani ya ci bashin shail wurin ɗan kasuwa, ya sayar da amfanin tun yana gona da araha. Wasu sun zauna a ƙauyukan Hausawa masu shehunansu da makarantun allo, suna cewa har yanzu kan hanya suke, in Allah ya yarda za a ƙarasa; a kan irin waɗannan ne Bawa Yamba ya rubuta littafinsa na 1995. Wasu kuma suka ƙare a kambo, bukkokin da ake kafawa a ɗan ragowar fili tsakanin tur'a da gona, tare da mutanen Darfur da Cadi waɗanda su ne mafi rinjaye a can. Kambo ba shi cikin taswirar hukuma. Galibi ba famfo, ba asibiti, ba takardar fili, ruwan sha daga tur'ar da tsargiya ke ciki. Masu tsarin sun lissafa kowane bututu da kowane mako, ba su lissafa inda mai aikin zai kwana ba. A ganina wannan ita ce ɓarakar da aka gina Jazira da ita tun ran fari.

Rushewar jerin ba dare ɗaya ta zo ba, kuma ta soma ne da abin da kowa ya ɗauka ci gaba ne. Yarjejeniyar ruwan Nil ta 1959 da Masar ta ƙara wa Sudan kaso. Aka buɗe Manajil tsakanin 1957 da 1962, aka gama madatsar Rusairis a 1966, filin ya haura faddan miliyan 2. A shekarun 1970 aka rage hutun ƙasa aka cusa alkama da gyaɗa, magudanan da aka haƙa don ɗan abin da ake shukawa a da suka koma ɗaukar kusan ninkinsa. Don a shuka gyaɗa da dawa da wuri, sai aka riƙa jan ruwa sosai a watannin ambaliya, lokacin da Shuɗin Nil ke saukowa daga duwatsun Habasha jajawur da laka. Tur'a kuwa an yi ta ne ta tsayar da ruwa da dare, ruwa mai laka in ya tsaya sai ya sauke kayansa. Laka ta taru, ciyawa ta tsiro a kanta, kuɗin yashewa ya gaza. Manomin da ya ga ruwa ba ya zuwa a ranarsa ya daina jiran ranarsa: ya fasa bakin Abu Ishirin ya bar shi dare da rana. Na bakin tur'a ya sha har gonarsa ta yi fadama, na wutsiya ya zuba ido dawarsa na bushewa. Ba wanda za a zarga a cikinsu, don layi ba ya tsayuwa sai in na baya ya tabbata za a zo kansa.

A 1981 aka soke asusun haɗaka, kowa ya koma lissafin kansa. Sai dokar Jazira ta 2005, wadda ta ba manomi 'yancin shuka abin da ya so, ta kuma miƙa kula da ƙananan magudanai ga ƙungiyoyin masu amfani da ruwa. A takarda adalci ne, bayan shekara 80 ana yi wa mutum dole. Amma an bayar da 'yancin kafin a gyara abin da zai ɗauke shi. Nimra guda da a da duk auduga ce, mai shan ruwa rana ɗaya, ta koma wannan albasa, wancan dawa, na gaba tumatir, kowa da ranar ƙishirwarsa, ga lambatu ɗaya tal. Ƙungiyoyin ba su da injin haƙa, ba su da kuɗi, ba a horar da su ba. A 'yan shekarun da suka biyo baya aka sallami dubban ma'aikata, layin dogon Jazira ya tashi aiki. Ba a fafe gora ranar tafiya: da an fara yashe tur'a, an horar da mutane, sannan a saki ragama, da wata maganar ake yi. Ɗan sharaka shi ya fi kowa shan wuya, don in ruwa ya yanke a tsakiyar Satumba mai hawasha ya yi asarar rabin amfani, shi kuwa ya yi asarar ƙarfinsa na shekara, ga bashin shail na jiransa.

Mutumin Kura ko Kadawa da ke shan ruwan Tiga ya san wannan labarin ba sai an fassara masa ba. Ya san abin da kacala ke yi wa hanyar ruwa, ya san bambancin mai gona a bakin kanal da mai gona a ƙarshensa.

Sannan jini ya zuba. A Yulin 2022 rikici ya ɓarke a jihar Shuɗin Nil bayan Hausawa sun nemi a ba su sarautar gargajiya tasu, wadda a can ba a raba ta da maganar mallakar ƙasa. An kashe sama da mutum 100, a Oktoba kuma sama da 200 a yankin Wad al-Mahi, dubbai suka bar gidajensu. Yaƙin da ya tashi a Hartum ranar 15 ga Afrilu 2023 ya iso Madani, babban birnin Jazira, a Disambar shekarar, dakarun RSF masu yaƙi da sojojin gwamnati suka mamaye Jazira, aka wawushe taraktoci da rumbunan iri da taki, ƙauyuka suka watse. Da sojoji suka karɓe Madani a Janairun 2025, mutanen kambo suka shiga wani sabon tashin hankali bisa zargin sun mara wa RSF baya. Ƙungiyar Human Rights Watch ta ba da rahoton kisan aƙalla mutum 26 a Kambo Tayba, gabashin jihar, ranar 10 ga watan, a hannun mayaƙan da ke tare da sojoji. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya mayar da waɗanda suka gudu gidajensu lafiya.

Ran da aka zauna gyaran Jazira, injiniyoyi sun san jerin aikinsu: a yashe manyan hanyoyi kafin ƙanana, a gyara ƙofofi kafin a saki ruwa, a daidaita abin da nimra za ta shuka kafin a raba iri. Sabuwar madatsar Habasha da ke kan Shuɗin Nil za ta tare laka mai yawa a can sama, wannan zai rage musu wahala nan gaba, ko da yake ba za ta kwashe wadda ta riga ta cika tur'a ba. Amma akwai matakin da aka tsallake a 1925, aka sake tsallakewa a 1950 da 2005, kuma shi ya kamata ya zo a gaba. Mutanen da kakanninsu suka tumɓuke karan auduga suka ceci wannan gona a shekarun 1930, a ba su takardar filin da suke kwana a kai, a shigar da ƙauyukansu da kambo cikin taswira, a kai musu famfo da makaranta, a ba ɗan sharaka kujera a inda ake yanke ranar ruwa. Duk gyaran da ya soma da injin haƙa ya bar wannan a baya, tur'a kawai ya gyara.